Jan Kifin da Baba Ya Ware

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma. Haka na faɗa a zuciyata da safiyar Talatar da surukina ya cika, a daidai lokacin da matan cocinsu suka ɗauki waƙa a tsakar gida. Ni kaɗai ce mai sallah a cikin matan gidan nan na Zuru, saboda haka kowa ya yi kukansa da harshen da ya iya. Baba muke ce masa, haka kuma zan kira shi a nan, domin ko da yana raye ban taɓa kama sunansa ba.

Kafin azahar gida ya cika maƙil. Lokacin noma ne, manoman kan dutse suka sauko da fartanyoyinsu, suka jingine su a bango suka zauna da taɓo a ƙafa. 'Yan'uwansa Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, mutanen coci suka jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Tsofaffin sojoji suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da koɗaɗɗun hulunansu, kowa ya je ƙofar ɗakinsa ya ƙame ya sara, har da wani da sai an riƙe shi yake iya tsayuwa. Abokinsa mai shagon gilashi, ɗan ƙabilar Ibo da ya fi shekara talatin a garin, ya zauna a dandamali yana kuka ba kunya, yana cewa yanzu wa zai zo ya yi masa faɗa a kan gam. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Ribah a kan babur, tun daga ƙofar gida ta fara kiran yayanta da yarensu. Baffa, ƙaninsa, wanda gidan ya dawo hannunsa tun daga ranar, bai yi kuka ba. Ya zauna yana karɓar gaisuwa yana gyaɗa kai.

Wasu suka ce mutum ne mai gaskiya, wasu suka ce mai taurin kai ne, duka kuwa ba su yi masa ƙarya ba. Amma na lura duk wanda ya gama gaisuwa sai ƙafarsa ta ja shi baranda, inda akwatin gilashin Baba yake cike da ruwa da kifaye. A nan za a tsaya, a kaɗa kai. Wata mata ta leƙa ta ce, to yanzu wa zai ci waɗannan? Ina ɗauke da tiren ruwa a lokacin, Allah ne kaɗai Ya riƙe hannuna.

Ruwa nake rabawa, amma idona yana kan 'yata mai shekara takwas, wadda ta raɓe a jikin gilashin ta ƙi zuwa wurin kowa. Ubanta, ɗan Baba na fari, soja ne, ya rasu a bakin aiki shekara uku da suka wuce. A al'adar gidan, ɗa na gidan ubansa ne, uwa kuwa in ta gama takaba tana iya kama gabanta. Maganar Baba kaɗai ce ta bar mini yarinyar nan a hannu. Ranar kuwa ga mai maganar can a kwance an ɗaure masa haɓa, ni kuma ban san ko maganar za ta rayu bayansa ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a wayi gari abin da za a tuna da shi kawai shi ne tsohon sojan nan mai kiwon kifi a gilashi.

Ni 'yar masunta ce daga Yauri. A gidanmu kifi ko dai yana cikin taru, ko yana kan wuta, ko yana cikin miya. Ranar da aka kawo ni Zuru na ga dattijo mai furfura zaune a kan kujera yana kallon 'yan karfasa da ba su wuce tsawon yatsa ba, sai da na toshe baki da mayafi. Mijina ya harare ni. Daga baya ya ba ni labari cewa Baba ya fara ganin irin wannan akwatin ne a gidan wani hafsa da ya yi wa gadi a Legas. Wata shida yana tsaye a ƙofa yana hango kifayen ta taga, bai taɓa samun izinin matsawa kusa ba. Da ya yi ritaya, kafin ya gyara rufin ɗakinsa sai da ya sa abokinsa ya yanka masa gilashi, tsawonsa kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Sau uku yana yoyo, sau uku yana mayar da shi shago, abotarsu ma daga wannan faɗan ta samo asali.

Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Ni kuma 'yar Yauri ya sa mini, har ya koma ga Ubangijinsa bai canza ba. Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Kowace Asabar zai zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya mayar da na rijiya wanda ya kwana biyu a buɗe. Abinci sau ɗaya ne, da hantsi, dusa da 'yar tana ko gara, gwargwadon abin da za su cinye kafin ya gama kofin shayinsa. Yaron da ya jefa musu burodi kuwa, uwarsa ma sai ta ji a jikinta. Kuma bai ƙara cin karfasa ba. In na dafa sai ya ture kwanon ya ce ba ya cin mutanen da ya sani.

Sannu a hankali mutanen gari suka fara sha'awa. Wani malamin makaranta, wata ma'aikaciyar jinya, har da wani limamin coci, duk sun zo neman ya koya musu. Kowa da ya zo, hannunsa kan kifin da ya fi kyau yake fara zuwa, Baba kuwa sai ya ce masa ya sauke hannun tukuna. Ya ce sabon shiga ya fara da 'yan kaɗan, masu girma ɗaya, masu sanyin hali. Ya dubi bakin kifi kafin ya dubi launinsa, domin duk abin da zai shiga bakin nan abinci ne ko da ɗan'uwa ne. Kada ya haɗa maza biyu masu kama ɗaya. Kowane kifi a ba shi wurin ɓuya, dutse ko fasasshiyar tukunya, inda zai shiga wani bai gan shi ba. Baƙo kuma sai ya yi mako biyu a bokiti ana kallon halinsa, ranar da za a shigar da shi a kwashe duwatsun duka a sake musu wuri, don kada wani ya ce nan gidansa ne. Malamin makarantar ya ce ai wannan ya fi ɗaukar soja wuya. Baba ya ce da haka ake ɗaukar soja da mutane da yawa suna raye.

Akwai maganar da yake yawan yi, har yara suka haddace suna kwaikwayonsa a bayan ido: "Don sunan su ɗaya, ba shi ne za su zauna tare ba."

Na ji ta ya fi sau ɗari, amma ta bayan kunnena ta bi. Ni da aka haifa a bakin kogi, tsohon soja daga kan dutse ne zai koya mini kifi? Shekara biyar da suka wuce na je ganin gida, na tarar an jawo taru, a ciki akwai wasu guda biyu masu jan ciki da ɗigo biyar baƙaƙe a gefe, suna ƙyalli a rana. A wurinmu duk dangin nan karfasa muke ce musu, mu soya su a kasko ɗaya. Na ce bari in yi wa Baba tsarabar da zai san 'yar Yauri ya aura wa ɗansa. Na sha wahalar kawo su a jarka da rai. Na iso ba ya nan, ya tafi jana'iza Sakaba zai kwana biyu. Ban yi wata-wata ba na juye su a cikin gilashin, na tsaya ina sha'awar yadda suka haska wurin.

Washegari da safe na fito da tsintsiya, na ga ruwan ya yi dishi-dishi. Ƙananan nan masu ruwan hoda a ciki, waɗanda wani abokin aikinsa ya kawo masa tun daga kudu, babu ko ɗaya. Karfasa uku suna yawo a sama cikinsu a waje, an yayyage musu wutsiya. A cikinsu har da wani tsohon kifi da mijina ya kamo masa da hannunsa a rafi lokacin da ya zo hutu. Jajayen biyu kuwa sun share wuri a tsakiya, sun ƙwaƙule yashi, suna kai da kawowa abinsu.

Da Baba ya dawo bai ko ajiye jakarsa ba. Ya tsaya a gaban gilashin. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, na ce ai na ga duk karfasa ne. Abin da bai kamata in faɗa ba ke nan. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Ka tambaye ni?" ya ce.

Na ce a'a.

"Kifi na ci ka sani. Na zama ba ka sani ba."

Daga nan ya ɗauke mini wuta. Kwana ashirin da wani abu, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, abincina kuma ya ci ya ture kwano ba sannu. Ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na kira mijina a waya na ce ubansa ya fi son kifi da mutane, in an gaji da ni a faɗa mini. Na yi nadamar wannan maganar, har yau ina yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai kashe jajayen ba, ni kuwa na so a soya su in huce. Ya samo babban baho ya zuba yashi da duwatsu ya sa su a gefen baranda, ya ce su ba su yi laifi ba, halinsu suka yi, wanda ya sa su a inda bai dace ba shi ne mai laifi. Ba a yi wata biyu ba namijin ya kashe macen. Ya rage shi kaɗai a bahon, Baba ya sa masa suna Saja, yana ba shi tana kullum kamar sauran.

Shirunmu ya ƙare ne wata Asabar. Ina wanki na ji ya ce, "'Yar Yauri, zo ka riƙe tiyo." Shi ke nan, ba wanda ya ƙara ta da zancen. Tun daga ranar ni ce mai riƙe tiyo, kuma a bakin gilashin nan na koyi abin da ban koya a bakin kogi ba.

Ranar da aka zo da labarin mijina ma Asabar ce, da hantsi, tiyon yana hannuna. Sojoji biyu suka yi sallama, Baba ya dube su sau ɗaya ya gane. Ni na saki tiyon na zube. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauka, ya ƙarasa zuƙe ruwan, ya mayar da sabo, ya goge gilashin, sannan ya je ya zauna ya ce su faɗi abin da ya kawo su. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, ina cewa wane irin uba ne wannan. Sai daga baya, da muka saba zama tare a barandar ba mai cewa komai, na fahimci cewa da ya saki tiyon nan a lokacin, da shi ma ba zai ƙara tashi ba. Mijina ya musulunta tun yana saurayi a bariki, Baba bai taɓa yi masa faɗa a kai ba, kuma shi da kansa ya aika a kira 'yan'uwansa masu sallah su yi wa ɗansa abin da addininsa ya ce.

Da na fita takaba Baffa da Gwaggo suka zo. Ba su zo da mugunta ba, gara in faɗi gaskiya. Suka ce ni yarinya ce, in koma gidanmu in yi aure, 'yar kuma ta zauna a gidan ubanta, Gwaggo za ta riƙe ta. Ina bayan ƙofa ina ji, domin suruka ba ta da baki a irin wannan zama. Baba ya bari suka gama, sannan ya sa aka kira ni na durƙusa a gabansu.

"Ku ji da kyau," ya ce. "Yarinya tana wurin uwar ta. In uwar ta zauna nan, nan ne. In ta tafi, da ita za ta tafi. Ko ina nan, ko ba na nan."

Baffa ya ce ba haka aka saba ba. Baba ya ce ya sani. Gwaggo ta tashi ta hau babur ko ruwa ba ta sha ba, ta yi kusan shekara ba ta taka gidan ba.

A wannan shekarar ce 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan wajen Wasagu, dangi suka kwararo mana, mata da yara da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Mutum goma sha ɗaya a gidan da dama a cike yake. Kowa ya fara riƙe ƙofar ɗakinsa, har da ni. Baba ya sa aka fito da kayan kowa tsakar gida, nasa ne ma na farko, ya sake rabon ɗakunan kaf. Shi ya koma ɗan ƙaramin ɗakin da ake ajiye hatsi, ya ba wata tsohuwa da jikokinta nasa. Ya raba matan da ya san ba sa ga maciji, ya sa labule a inda babu bango. An yi gunaguni kwana biyu, amma ba wanda ya iya ce wa baƙo ya matsa daga wurinsa, tunda kowa sabo ne a inda yake. Na gane abin da ya yi, na dube shi, ya kau da kai kamar bai gan ni ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Gwaggo ta sauko ta yi jinyarsa mako guda, suka shirya kafin ta koma Ribah. Ina ji tana yi masa tsiya a kan Saja, wai me wannan bawan Allah ya yi aka ɗaure shi shi kaɗai shekara da shekaru. Ya ce mata ko bayan ransa kada wanda ya kuskura ya haɗa shi da sauran. Ta yi dariya ta ce to, soja.

Kwana huɗu kafin ya cika ya sa aka fito da shi baranda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini wata karfasa da ta shige cikin fasasshiyar tukunya, maƙogwaronta a kumbure, ta ƙi fitowa cin abinci. Ya ce ƙwai ne a bakinta. Haka suke yi, uwar ta kwashe ƙwan a baki ta rufe, kusan mako biyu ba ta cin komai har sai sun zama 'ya'ya. Ya ce kada in sa mata raga, in ta tsorata za ta tofar da su, in ya zama dole a ɗauke ta to a ɗauke ta da tukunyar a cikin ruwa. Wannan ne karatu na ƙarshe da ya yi mini.

An binne shi ranar Alhamis. Ranar Juma'a baƙi suka ƙaru, muna bayan gida tun safe muna fama da tukwane. Aka rasa bahon wanke kwanuka. Gwaggo ta zagaya baranda ta ga na Saja, ta kama shi da ƙwarya ta jefa a cikin gilashin, ta zubar da ruwan ta kawo mana bahon. Ni ban lura da wane baho ne ba, hayaƙi ya cika mini ido. Wata daga cikin matan Wasagu ta ce ta ji Gwaggo tana cewa gidan makoki ba a ware kowa. Kwana uku kuma ba wanda ya tuna ya ba Saja abinci.

Sai bayan la'asar 'yata ta zo ta ja zanena. Na bi ta. Abin da na gani shekara biyar da suka wuce shi na sake gani, sai dai wannan karon ba mai dawowa daga tafiya ya yi faɗa. Ƙananan ya haɗiye su, manyan ya yayyage su, biyu suna kwance a kan yashi suna buɗe baki. Na durƙusa na leƙa cikin tukunyar. Uwar ƙwan tana nan a can ƙurya, an ɗan ci gefen wutsiyarta, bakinta a rufe. Na sa hannu biyu na ɗago tukunyar da ruwanta a hankali, na sa a bokiti. A nan ne kukan da ban yi ba tun ranar Talata ya zo mini, na yi shi har na gode Allah.

Ban san Gwaggo tana bayana ba. Ta zauna a kujerar Baba, ta dubi gilashin, ta dubi hannunta. Ta ce ya faɗa mata, da bakinsa ya faɗa mata, ita ta ɗauka rigimar tsufa ce. Na so in gaya mata magana mai zafi, kalmomin suna kan harshena. Amma wa ya kawo Saja gidan? Na ce mata ni ma na taɓa yi, kuma ni ce ma na ɗauko shi tun daga Yauri. Ta tambaye ni abin da Baba ya yi mini, na ce ya daina yi mini magana kwana ashirin, sannan ya ba ni tiyo. Can ta leƙa bokitin ta ce wannan fa, me ya sa ba ta buɗe baki? Na gaya mata. Muka tsince matattun tare, muka haƙa rami a gindin mangwaro, ba wanda ya ƙara zancen ci.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka yi zaman gida. Ni ina daga bakin ƙofa, 'yata a jikina, na riƙe ta har sai da ta ce ina matse ta. Aka yi maganar gona, aka yi ta ɗakuna, sannan Baffa ya gyara murya ya zo kanmu. Ya ce yayansa ya yi magana a lokacin da zuciyarsa take da rauni saboda mutuwar ɗansa, kuma sun bar shi ne don girmansa. Yanzu kuwa ɗansu ya tafi, yayansu ya tafi, yarinyar nan ita kaɗai ce abin da ya rage musu na wannan ɗakin, ba za a kai ta bakin kogi ta manta yarensu ba. Maza suka gyaɗa kai. Wallahi ban ga laifinsa ba, kuma wallahi da ƙasa ta buɗe da na shige da 'yata. Ya juya ya ce Gwaggo ta shirya ɗaukarta, tunda dama ita ta nema.

Gwaggo ta ɗago kai.

"Ina wurin ya yi maganar," ta ce. "Lafiyar shi ƙalau. Ya ce ko yana nan, ko ba ya nan."

Baffa ya ce ai ita ce ta fi kowa jin haushi a ranar.

"Ni ce. Shekaranjiya na karya mishi magana ɗaya, ƙasar kabarin shi ba ta bushe ba. Ku je baranda ku ga abin da ya fito. Ba zan karya ta biyu ba. In kun ɗauke yarinya, ku nemi mai riƙe ta, ba ni ba."

Baffa ya cire hularsa ya mayar, ya ce to, Allah Ya sa haka ne alheri, amma a riƙa kawo ta hutu. Aka wuce zancen rufin ɗakin hatsi.

Ba wanda ya kore ni daga gidan, ba kuma wanda ya ce in zauna. Akwai mata biyu da yara biyar a ɗaki guda suna jiran wuri, kuma barandar nan ba Baba ta fi ƙarfina. Ranar Talata, mako guda cif, muka hau mota zuwa Yauri da akwati biyu da bokiti mai hudajjen murfi a kan cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ce yanzu karfasar ta tofar da ƙwan. Da muka isa mahaifina ya buɗe murfin ya leƙa.

"Wagga 'yar karfasa kika ɗauko tun daga Zuru? Ko miyar mutum guda ba ta yi."

'Yata ta ce masa ba ta ci ba ce. Na ture shi gefe na duba, bakinta yana nan a rufe. Bayan kwana biyu da hantsi ta buɗe shi, 'ya'yan suka fito kamar an watsa ƙwayar gero a ruwa. Mahaifina, wanda ya shekara hamsin yana jan taru, ya tsuguna a gaban bokitin har rana ta take, ya manta da jirginsa.

Gwaggo ba ta koma Ribah ba tukuna. Makon jiya ta kira ni a waya, ta ce Saja yana nan shi kaɗai a cikin babban gilashin, ita ke ba shi tana, kuma ranar Asabar mai shagon gilashi yana zuwa ya riƙe mata tiyo. Ta ce wurin ya yi masa faɗi, ko ta samo masa abokin zama? Na ce mata a'a. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi. Sannan ta katse wayar.

Baba, ni ba malama ba ce, ban san lafazin da ya dace in yi maka addu'a da shi ba, kai kana naka addinin ni ina nawa. Na dai san Allah Ya ga abin da ka yi wa marainiya da uwarta, kuma a hannunSa na bar ka. Ka yafe mini maganar da na yi cewa ka fi son kifi da mutane. Ta buɗe bakin, sun fito da rai. Yarinyar tana wurina.